Tagwayen da Kwamfuta Ta Mayar Ɗaya

Shekara ashirin da huɗu Uwar Kati ta yi a bayan 'yar tagar asibitin yara, har mutane suka manta ainihin sunanta. Mace za ta leƙo ta ce katin ɗanta ya ɓata, kafin ta rufe baki Uwar Kati ta zaro kwafinsa daga durowa, ta kuma tambaye ta ko tarin yaron ya lafa.

Sai ma'aikatar lafiya ta sayo sabuwar manhajar kwamfuta. Aka ba ma'aikata horon kwana biyu, mai koyarwa yana zuba bayani kamar ana korarsa. Bayan nan takarda ta zo daga sama: daga Litinin babu sauran kati, a kwashe su duka a kulle a sito.

Uwar Kati ba ta yi gardama ba, amma ranar da aka fitar da durowoyinta ji ta yi kamar an yi mata tashin gida. Ta zauna gaban kwamfuta tana lalube da yatsa ɗaya. Da ta gwada a wayar 'yarta a gida, 'yar ta fashe da dariya.

"Mama, danna shi ake yi. Ke kuwa kamar kina kashe kiyashi!"

"Yi dariyarki. Ni ma na koya miki riƙe cokali."

A sati na uku wata mata ta zo da tagwaye, duka mata, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. Ta ce allurar ƙyanda ta kawo ƙaramar, don watan jiya zazzaɓi ya hana a yi mata tare da 'yar'uwarta. Uwar Kati ta shigar da lambar wayar matar. Yarinya ɗaya tak ta fito, an kuma nuna ta gama allura.

Nas ɗin da ke yin allura ta leƙo, ta karanta, ta girgiza kai. "Kwamfuta ta ce an yi. In ba ta buɗe mini ba, ba ni da ikon fitar da magani."

Matar ta dubi 'ya'yanta. "To ko ni ce na rikice? Kamarsu ɗaya, wani lokaci har babansu..." Ta gyara goyo za ta juya.

"Zauna, 'yata," in ji Uwar Kati. "Ba ki rikice ba. Da hannuna na rubuta."

Ta tafi ofishin likitan da ke shugabantar asibitin ta nemi makullin sito. Ya sosa ƙeya.

"Yaya, kin dai ga takardar. In aka ji mun koma kati, ni za a tuhuma."

"Likita, in ƙyanda ta kama yarinyar nan, takardar ce za ta yi jinyarta?"

Ya miƙa mata makullin. Minti goma ta yi tana ɗaga kwalaye, ta fito da kati biyu. Ɗaya an cike gurbin ƙyanda, ɗayan an rubuta da jan biro: zazzaɓi, a dawo. Likita ya sa hannu, aka yi wa yarinya allura, ta callara kuka, uwar tana ta godiya.

Kwana biyu bayan haka aka ce injiniyar manhajar za ta zo daga ma'aikata. Uwar Kati ta san abin da ake cewa da irinta a can: tsofaffi masu ƙin ci gaba. Ta shirya amsoshinta tun daga gida.

Wadda ta shigo ba ta wuce sa'ar 'yarta ba. Ta gaida ta da ladabi, ta ajiye katunan biyu kusa da kwamfuta, ta daɗe tana dubawa. Can sai ta dafe kai.

"Mama, laifinmu ne. Da muke kwashe tsofaffin bayanai, mun tarar da yara da yawa an rubuta su sau biyu. Sai muka ce wa manhajar duk waɗanda ranar haihuwarsu da lambar uwarsu suka zo ɗaya, ta haɗe su. Ba wanda ya tuna da tagwaye."

"Wa kuka tambaya kafin ku yi?"

"Daraktoci." Muryarta ta yi ƙasa. "Wata tara muna zama da su."

Duk amsoshin da Uwar Kati ta shirya suka bi iska. Sai tausayin yarinyar ya kama ta. Ta jawo mata kujera.

"Wanda bai yi aiki ba shi ne ba ya kuskure. Ɗauki biro. Akwai na matar tela, akwai na bayan makarantar firamare, akwai na mai gyaran keke da uwarsu ta rasu..."

Tagwaye bakwai ta lissafo da ka. Ta kuma gaya mata abin da ba ta tambaya ba: gida uku kan yi amfani da waya ɗaya, kuma uwar da ba ta san ranar haihuwa ba, farkon wata ake rubuta mata. Injiniya ta yi ta rubutu har ta cika shafi huɗu.

Da aka bi katunan, yara uku aka samu da allura ta tsallake. Ma'aikata suka bi su gida. Biyu aka yi musu a take. Na ukun an makara, ƙyanda ta riga ta fito masa, ya yi kwana shida a gadon asibiti kafin ya tashi. Injiniya da kanta ta je duba shi, ta fito tana share ido.

Ma'aikata ta janye takardarta. Aka ce kati da kwamfuta su tafi tare na wata uku, aka kuma dakatar da kai manhajar sauran asibitoci sai an gyara. Injiniya ta roƙi a bar ta ta riƙa zama a tagar duk ranar Alhamis tana karɓar mata da kanta. Ranar farko layi ya kai bakin ƙofa, mata suna ƙorafi, wata ta ce sunan mijinta ba ya faɗuwa a bakinta, manhaja kuwa ta ƙi wucewa sai an cike gurbin. Injiniya ta waiwayo tana zufa.

"Mama, wannan kuma yaya kike yi da shi?"

"Tambayi maƙwabciyarta da ke bayanta," in ji Uwar Kati. "Sannan ki rubuta a cikin abubuwan da za ku gyara."