Lu'ulu'u a Kan Uwar Maƙera

Tun ranar da Alhaji Sanda ya fara faka Marsandinsa a ƙofar gidanmu a Shango jinina bai haɗu da nasa ba. Na faɗa wa Sharifa, na faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, har da waɗanda ba su tambaya ba. Amma Sharifa ba yarinya ba ce. Ƙanwata ce, malamar firamare, mijinta na fari ya rasu, ta daɗe a zaune tana cewa ba ta ga wanda ya yi mata ba. Da ta ce Sanda take so, sai na ja bakina na tsuke, na shiga hidimar biki kamar kowa.

Sanda tifofi gare shi, suna jidar dutse da yashi ta hanyar Kuta zuwa aikin dam na Shiroro. Yana da kyauta, wannan ba zan hana masa ba, amma irin kyautar da sai duk unguwa ta ji labari. Da ya dawo daga Makka a shekarar nan, ya zo da duwatsun lu'ulu'u guda biyu, wanda shi yake kira daiman, ya ce Sharifa ta zaɓi ɗaya a ɗora mata a zoben zinariya. A Minna ta wancan lokacin ban san macen da ta taɓa sa irinsa ba. Ya kai su wurin Baba Ndako ya bar masa don ya auna su ya shirya gindin zoben, aka sa ranar da Sharifa za ta je ta zaɓa. Ni na raka ta.

Baba Ndako Banufe ne mutumin Bida, maƙerin zinariya da azurfa, yana da ɗan shago a Limawa wanda in mutum biyar suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Shi ya ƙera wa mahaifiyarmu 'yan kunnen aurenta, shi ya ƙera nawa. Dattijo ne ɗan siriri, ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji, da waɗannan yatsun nasa yake ciyar da gida cike da mata da jikoki.

Mun tarar Sanda ya riga mu, yana zaune a kan kujera ɗaya tilo da ke shagon, direbansa Ayuba na tsaye a bakin ƙofa ya tare haske, ƙato ne na gaske. Baba Ndako ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan bencin aikinsa ya zube duwatsun.

Duk biyun masu kusurwa huɗu ne, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba, amma ba a yanka su iri ɗaya ba. Na farko kusurwoyinsa tsaf da kaifi, ko'ina walƙiya yake, ido ba ya samun wurin tsayawa. Na biyu an datse masa kusurwoyin, cikinsa kuma hawa-hawa ne kamar matakalar bene, in ka leƙa sai ka ga har ƙasa. Ba shi da hayaniyar na farkon.

Sharifa ta ɗora wannan a bayan yatsarta, ta sauke, ta ɗora wancan. Ta kai su bakin ƙofa ta dawo. Na san ƙanwata, na ga inda zuciyarta ta karkata tun kafin ta yi magana.

"Alhaji, ni wannan mai sanyin ya fi kwanta min," in ji ta.

"Wane irin mai sanyi?" in ji Sanda. "Wannan ai kamar gilashin taga yake. Ɗauki mai wutar, wanda in kin ɗaga hannu a aji har hedimasta zai gani daga ofis."

Ta yi dariya ta juya ga dattijon. "Baba, kai me ka gani?"

Da ma Baba Ndako ya ce bai sani ba. Amma mutum ne da in an tambaye shi sai ya amsa.

"Malama, ni bai taba aikin daiman ba, gaskiya ne zan fada," ya ce da irin Hausarsa. "Amma duk dutse mai kaifin baki da na sa a zobe, yana kama mayafi, kuma in ya bugi kofa, bakin yana karyewa."

Fuskar Sanda ta canza. A gaban matar da zai aura an kushe zaɓinsa, kuma wai maƙeri ne ya kushe.

"Ka saba da fasassun kwalabe, Ndako. Daiman ba ya karyewa. Babu abin da ya kai shi ƙarfi a duniyar nan, da shi ake huda dutse a Shiroro. Ko ba haka ba?"

"Haka na ji ana fada, Alhaji."

"To bari ka gani da idonka."

Ya ɗauki mai kaifin kusurwar ya ɗora a kan uwar maƙera, ƙarfen nan da ake dukan zinariya a kai, ya jawo guduma mafi girma a shagon. Sharifa ta ce, "Alhaji, a bari mana." Ya ɗaga mata gira, ya sauke gudumar da ƙarfin mutumin da ya saba a kalle shi.

Da ya ɗaga, babu dutse. 'Yan tsaki-tsaki ne kamar gishiri, sai ɓari ɗaya da ya yi tsalle ya faɗa cikin toka.

Sai daga baya wata mai sayar da gwal a Kano ta gaya min cewa lu'ulu'u na gaske yana karce komai, amma in aka doke shi a kan ƙarfe tsagewa yake, balle mai tsinin kusurwa. Dutsen Sanda na gaske ne, shi ya fasa abinsa da hannunsa. Amma a ranar nan babu wanda ya san haka a cikinmu, har shi Baba Ndako. Dukkanmu abu ɗaya muka sani, daiman ba ya fashewa, wannan kuwa ya fashe, kuma a shagon nan ya kwana.

"Ka musanya min," in ji Sanda a hankali.

"Wallahi Alhaji, dutsenka ne, ban taba..."

Marin da Sanda ya kai masa ya ɗauke shi daga ƙasa. Ya faɗa kan kwanon ruwan da yake tsoma ƙarfe, hularsa ta yi gefe. Kafin ya tashi Sanda ya sa masa takalmi a haƙarƙari, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Na ji wani abu ya ce ƙas a jikin dattijon.

"Kai Sanda, sa'an ubanka ne!" na ce. Ko kallona bai yi ba.

Baba Ndako ya ɗago, jini na zuba daga hancinsa. "Gwada dayan," ya ce. "Alhaji gwada dayan, in duka haka suke..."

Sanda ya juya ya maka wa ɗaya dutsen guduma a inda yake, a kan ƙyallen, a kan bencin katako. Katakon ya lotsa, dutsen ya nutse ciki. Ya sa farce ya ƙwaƙulo shi, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ya ɗaga shi sama.

"Kun gani? Na gasken ga shi nan! Ɗayan ya sace ya sa min kwalba! Ɓarawo!"

Kalmar nan in ta fita a bakin titi ba ta komawa. Nan da nan ƙofar shagon ta cika, masu facin taya, 'yan dako, masu wucewa da ba su san ko sunan dattijon ba. Wani ya jefo dutse ya fasa akwatin gilashin da ake jera 'yan kunne. Wani na ji yana cewa a kawo taya, wani ya ce akwai fetur a wurin mai faci. Maƙwabtan da suka san Baba Ndako suna can baya suna cewa a yi haƙuri, muryarsu ba ta isowa.

"Babu mai ƙona shi," in ji Sanda. "Ina so ya rayu. Ayuba, kawo min hannun da ya yi satar."

Ayuba ya jawo dattijon kamar buhun ƙaiƙayi, ya durƙusar da shi, ya danne masa wuyan hannun dama a kan uwar maƙera. Baba Ndako ya dunƙule yatsunsa, Ayuba ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya shimfiɗa.

"Alhaji ka kai ni wurin 'yan sanda," in ji dattijon yana kuka. "Ka kai ni kotu. Ka karya kafa. Don Allah ka karya kafa, ka bar hannu."

Ban san lokacin da na ɗauki awartaki ba. Na rafka wa Ayuba a ƙeya da duk ƙarfina. Bai saki ba, ya dai sa ɗaya hannun ya make ni, na bugi bango, leɓena ya fashe, na ji gishirin jini a bakina. Ina zaune a ƙasa ina zaginsa, ina zagin ubangidansa, ina zagin mutanen da suka cika ƙofa suna miƙa wuya don kada kallo ya wuce su. Ban taɓa tsanar mutane kamar yadda na tsane su a lokacin ba.

Sharifa ba ta yi ihu ba. Ta matso gaban Sanda.

"Alhaji, na yafe zoben. Ba na so. Ko na azurfa ka ba ni na gode. Ka dubi girman Allah ka sake shi."

"Matsa gefe, Sharifa."

"Shi ya yi wa Innarmu 'yan kunne. In don ni ka sayo, ni na ce na yafe."

"Na ce ki matsa! Wannan ba maganar mata ba ce."

Ya ture ta da gwiwar hannu, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga gudumar da hannu biyu har ta taɓa rufin kwano. Baba Ndako ya rufe ido yana salati.

Sharifa ta durƙusa ta ɗora hannunta a kan na dattijon.

Har gobe ban sani ba ko Sanda ya gani ya kasa tsayawa, ko bai gani ba, ko ya gani. Gudumar dai ta sauka. Ƙarar ba irin ta ƙarfe ba ce, irin ta mahauci ce in yana sara ƙashi.

Ayuba ya saki dattijon ya ja da baya. Gudumar ta sulale daga hannun Sanda ta faɗi.

"Sharifa," ya ce. "Me ya kai ki? Me ya kai ki?"

Mutanen da suka zo ƙona ɓarawo sai ga shi sun ga namiji ya farfasa hannun mace, malamar 'ya'yansu. Wata mai sayar da masa ce ta fara kurma ihu, sai taron ya juya. Dutsen farko ya sami Sanda a goshi. Ayuba ya rungume shi ya kutsa da shi waje, ana dukansu ta ko'ina, babbar rigar ta yage har ƙasa. Na ji gilashin Marsandin yana tarwatsewa, na ji motar ta fizga ta tafi. Ban tashi na duba ba, ban damu ko sun kai gida ba.

Na rarrafa wurin ƙanwata. Tana nan a durƙushe, hannun yana kan ƙarfen. Yatsu uku sun baje, na tsakiya ya juya inda yatsa ba ya juyawa, farin ƙashi ya leƙo. Na cire ɗankwalina zan naɗe, na rasa ta inda zan fara. Ina kuka ina ce mata mahaukaciya, ina ce a nemo tasi.

Ita ko kallon hannun ba ta yi ba. Baba Ndako take kallo, wanda ya zaro nasa daga ƙarƙashin nata ya riƙe a ƙirji, jininta na bin gwiwar hannunsa.

"Baba," ta ce, da ƙyar ake ji. "Motsa su in gani."

Dattijon ya ɗaga hannun. Ya lanƙwasa babban yatsa, ya lanƙwasa manuni, ya bi su duka har ƙaramin. Sun kumbura, amma kowanne ya tafi ya dawo.

"To, alhamdu lillahi," in ji Sharifa.

Sai a lokacin ta dubi nata, ta fara ihu.