Fuskar Baba Ishaya

Hoto ɗaya tak Baba Ishaya ya bari a duniya, shi ma ba da son ransa aka ɗauka ba. Tun yana aikin reluwe a Kafanchan wani mai kyamara ya tare shi a bakin layin dogo, ya tsaya ƙiƙam yana harara kamar an taka masa ƙafa. Hoton ya daɗe a bangon ɗakin matarsa Yemima a Fadan Kagoma har ya yi ja, danshi ya ci gefensa. Amma fuskar tana nan, da zanen ƙabila na gado a kumatu, da haƙorin gaba da ƙarfe ya gutsure.

Da ya rasu, 'yarsu Emilia ta sauko daga Abuja ta karɓe komai. Ita ce mai akwatin gawa, ita ce mai anko, ita ce mai rumfa. Yemima sai dai a ce mata zauna, a ce mata tashi. Amma ranar da za a buga fosta da riguna, tsohuwa ta kafe sai ta bi Emilia ta raka hoton da ƙafarta.

Shagon ɗab'in na Kenny Nwachukwu ne, wanda shi ma reluwe ce ta kawo kakansa daga gabas. Tun da ya gano manhajar AI ɗin nan da ake hira da ita kamar mutum, ya sallami mai gyara masa hotuna. Ita ke tsara masa tarihin mamaci, ita ke fassara, ita ke wanke hoto. Shi dai nasa umarni ne da shan minaral.

"Mama, ka zauna ka ga abin mamaki," in ji shi. Ya kwafi hoton ya tura wa manhajar, ya rubuta cewa ta goge duk wani tabo da ƙarzuwa.

Ta kuwa goge. Na'ura ba ta san gado ba, abin da aka ce mata shi ta yi. Zanen kumatu ya tafi tare da tabon danshi, haƙori ya cike, hararar ma ta zama murmushi.

"Wane ne wannan?" in ji Yemima.

"Dadi ne mana," in ji Emilia, idonta yana ƙyalli. "Kenny, ka ce mata ta sa masa kwat. Ta ɗan ƙara masa haske kuma."

"Ina zanensa? Ubanki bai taɓa sa kwat ba, ko ranar aurenmu a coci."

Kenny ya sosa ƙeya. "Ba wahala, Mama. In na gaya masa, yanzu zai mayar."

"Kar ka taɓa," in ji Emilia. Ta juyo ga uwarta, ko sassauta murya ba ta yi ba. "Kin san abin da na sha a makaranta? 'Yar wanda kyanwa ta yakushe, haka suke kirana. Ogana zai zo, mutanen ofis za su zo. Ba zan rataya musu wannan fuska a ƙirji ba. Yana da rai ban iya gyara shi ba, yanzu kam zan gyara."

Ta ɗauki tsohon hoton ta jefa a jaka. Yemima ta miƙa hannu, 'yar ta zuge zif.

Ranar jana'iza gari ya cika da baƙon mutum. Yana kan allon ƙofar coci, yana kan kofuna, yana kan ƙirjin matan zumunta suna waƙa suna rausaya da shi. Mutanen Abuja suka yi ta cewa ashe Dadi ɗan gaye ne. Tsofaffin abokan aikinsa kuwa kallo ɗaya suka yi suka sunkuyar da kai. Yemima ma an cusa mata rigar a kan zaninta, ta wuni tana jin nauyinta, baƙin ciki ya hana ta ko kuka.

Da aka watse ta nemi hotonta.

"Wannan ruɓaɓɓen?" in ji Emilia tana shiga mota. "Na haɗa da tsummokaransa an ƙone. Ga babba can na rataya miki, mai firam."

Bayan an share makoki, Yemima ta hau acaɓa ita kaɗai ta koma shagon. Kenny ya ce Madam Emilia ta sa ya goge kwafin farko tun ranar. Amma ya tausaya mata, ko kuma dai ya ga ba kowa a shagon.

"Ba komai, Mama. Ka faɗa mini yadda yake, in rubuta, zai zana masa. Layi nawa ne? Daga ina ya fara?"

Ta buɗe baki da ƙarfinta. Mutumin da ta wanke wa fuska da hannunta yana jinya, ai ba abin tambaya ba ne. Daga gefen hanci suka taso, ko daga kusa da kunne? Na dama ne ya fi tsawo, ko na hagu? Ta runtse ido don ta gan shi, sai ga mai kwat ɗin nan ya fito yana mata murmushi da cikakkun haƙora. Ta sake runtsewa, shi ne dai.

Yatsun Kenny suna kan madannai suna jira. Wata mata ta shigo da katin biki, ya ɗago ya yi mata sannu da zuwa.

"Mama," ya ce, "ka je gida ka tuna. In ka tuna ka dawo."