Kiran da Bai Katse Ba

Raliya ba ta taɓa son waƙoƙin nan ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Wai waƙoƙin Japan ne, amma ba mutum ke rera su ba, inji ne aka koya wa murya. Murya ce siririya irin ta yarinya, ba ta tsayawa shan iska, sai ta ja baiti har mai saurare ya ji nasa numfashin na neman ɗaukewa. 'Yarta Nuriyya ce ta kwaso su a wani shagon intanet na unguwar Aziziyya. Ta tarar da dubbai an jera su bisa gaɓar farko ta sunayensu, lokacinta ya ƙare tana kan shafi guda, shi ya sa duk waɗanda ta samu da "Yu" sunansu ya fara. Sun haura ashirin, kuma a kunnen Raliya duk tsiyar ɗaya ce.

"Abin da ba shi da rai, me zai rera?" in ji ta kullum.

"Ummi, muryar nan ma ba ta da iƙama, amma ba mai kama ta," Nuriyya ke ba ta amsa, rabi da Larabci, rabi da Hausarta mai ɗingishi.

To, ai da gaskiyarta. Shekarar Nuriyya ashirin, a unguwar Nakkasa ta ƙasa mai tsarki aka haife ta, a kan tudun nan ta yi rarrafe, amma ba ta da iƙama, wato takardar zama, ko ta ganin ido. Uwar ma ba ta da ita. Uban ya rasu tun tana goye. Kano kuwa Nuriyya ba ta san ta ba sai a bakin mutane.

A ƙarshen 2013 aka tsananta kame. Matan da ke sayar da abinci a bakin lungu suka shiga uku, don motar masu kame ba ta sallama. Nuriyya ce ta fito da dabara. Ta sa wa wayar uwarta waƙa biyu daga cikin na injin, tunda duk unguwar ba mai irinsu, ba za a rikita su da kiran kowa ba. In Mukhtaru wanzami, wanda shagonsa ke gindin tudu kuma takardarsa ke da kyau, ya hango motocin, sai ya yi filashin, mai saurin ta tashi: a kwashe a gudu. In an ɓuya, Nuriyya ta sa abaya da niƙabi ta gangara, Larabcinta ba mai bambanta shi da na 'yan gari, ta duba. In sun tafi, ta yi filashin, mai sanyin ta tashi: a fito. Ba a ɗagawa, ba a magana. Ƙara biyu, a katse. Wata uku ana haka lafiya lau, har matan suka fara yi wa Raliya tsiya wai aljanar wayarta ta fi maigadi amfani.

Ranar wata Talata bayan la'asar, Raliya na juya waina a tanda, mai saurin ta tashi. Kafin ka ce kwabo mata bakwai sun kwashi tukwane sun haye sama, sun shige ɗakin ajiyar wani gida da aka rushe rabinsa. Shatu mai ɗanwake, wadda ta girme su duka, ta ja ƙofar kwano ta kara dutse. Nuriyya ta gyara niƙabinta ta gangara kamar kullum.

Ɗakin ba taga. Zafi ya taso daga kwano, ƙamshin miya ya gauraya da warin tsohon siminti. Suka zauna ba mai tari. Minti ashirin aka saba. Aka yi talatin. Aka yi awa guda. Raliya ta riƙe wayar da hannu biyu, gumi na bin yatsunta.

Sai mai sanyin ta tashi.

"Alhamdu lillahi!" Shatu ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ku tashi, ƙafata ta mutu."

Ƙara ɗaya. Ƙara biyu. Raliya na jiran a katse, ba a katse ba. Waƙar ta wuce inda ta saba tsayawa, ta shiga wani wuri da Raliya ba ta taɓa ji a wayarta ba. Muryar ta hau sama, ta ƙara hawa, ba numfashi, ba gajiya. Tsoro ya kama Raliya irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka shigo da gawar mijinta.

"Yaya Shatu, kar ki taɓa dutsen nan."

"Ikon Allah! Ba waƙar fita ba ce?"

"Ita ce. Amma Nuriyya ba ta barin ta ta kai nan."

Kiran ya mutu don kansa. Ba wadda ta motsa. Sai ya sake tashi daga farko, a cikin ɗakin nan mai amsa kuwwa, kamar ana kwarara ruwa a bokitin ƙarfe.

"Ki kashe ta, Maman Nuriyya, za ki tona mana asiri!" wata ta faɗa cikin raɗa.

Raliya ta danna, amma ba kashewa ta yi ba. Ta kara a kunne. Can ta ji hayaniya da ƙugin mota, sannan muryar namiji da Larabci, a natse, ba faɗa.

"Ke ce uwar mai wayar nan? Ta ce takardarta na gida. Muna gindin tudu, minti goma za mu ƙara. A kawo."

Ya katse.

Wace takarda? Raliya ta san abin da 'yarta ta yi: ƙarya ta shirga don ta ja lokaci, shi kuwa ya karɓe wayar ya nemi inda aka rubuta Ummi. Ta kuma san abin da ke biye. Gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, sannan jirgi, sannan a sauke yarinya a Kano ita kaɗai, ba ta san sunan unguwa ko ɗaya ba, ko cinikin tumatir ba ta iya yi da Hausa.

"Ki zauna," in ji Shatu, ta riƙo zanenta. "In kin je ba sakinta za su yi ba, haɗawa za su yi da ke. Shekara ashirin da shida kina garin nan, Raliya. Kabarin mijinki fa?"

"Shi ba ya buƙatar a nuna masa hanya."

Ta tura wa Shatu tandar da ƙullun da ya rage. "Ku rufe in na fita. Kar wadda ta leƙo sai Mukhtaru ya hawo da ƙafarsa."

Ta gangara tudun, matakala bayan matakala. Lungun wayam, an rufe kowace ƙofa. Mukhtaru na tsaye bakin shagonsa, da ya gan ta sai ya girgiza kai yana mata alama ta koma. Ba ta ko dube shi sau biyu ba.

Farar bas ce mai raga a tagogi. Nuriyya na kujerar gaba, an ɗage mata niƙabi, idanunta jawur. Jami'in da ke riƙe da wayarta ya miƙo hannu.

"Takardar?"

"Babu. Ni ma ba ni da ita."

Nuriyya ta zabura ta kama ragar taga, ta ƙwala ihu da Larabcin 'yan gari tsantsa: "Ban san matar nan ba! Wallahi ban san ta ba, maƙwabciya ce, ku ƙyale ta ta tafi!"

Jami'in ya dubi yarinyar, ya dubi matar da ke gabansa da ƙullu a gefen hijabi. Ya ɗan ja da baya daga bakin ƙofar, kamar mai ba ta hanyar komawa in tana so.

"Ƙarya take yi," in ji Raliya. "Ni na haife ta."

Ta kama ƙarfen ƙofar ta hau. Ta ce da Hausa, "Matsa mini, 'yar nema."