Ranar Da George Ya Ce Kat

Shekari bai taɓa damuwa da fim ba. Sau ɗaya ya shiga silima a rayuwarsa, barci ya kwashe shi tun ba a yi rabi ba. Shi mahauci ne, naman alade yake sayarwa a kasuwar Narayi, shekara goma sha biyar a kan teburi ɗaya. Abin da ya jefa shi cikin shirmen George, Irene ce, ba wani abu ba.

Irene majami'arsu ɗaya, tana buga tafireta a wani ofishi a tsallaken kogi. In ta zauna aiki, yatsunta sai ka ce yayyafi a kan kwano. Shekara biyu yana ƙara mata tsoka a kan abin da ta saya, bakinsa ya kasa faɗin abin da ke cikinsa. A daminar 1988 ya daure ya tura kawunsa neman aurenta, aka ce ya bari a gama girbi, iyayenta za su zo daga gida a zauna. Ita ma ba ta ce a'a ba. Mutumin da ya kusa arba'in bai ajiye iyali ba, wannan ai ba ƙaramar magana ba ce.

Shi kuwa George, ɗaukar bidiyon biki da jana'iza yake yi da wata kyamara da wansa ya kawo masa daga Ikko. Ya kalli kaset ɗin Turawa har sun juya masa kai, irin waɗanda wani ƙato yake rufe fuska yana bin 'yan mata yana yankawa. Ya ce shi ma sai ya yi nasa. Ya sa masa suna Mai Barho: wani ne aka sallama daga masaƙa, ya koma tare mata ɗaya bayan ɗaya a hanyar rafi. Kayan aiki kuwa, Allah Ya sawwaƙe. Jini, zoɓo ne da sitaci. Abin rufe fuska, buhun gari aka huda wa ido biyu. Fitilu babu, sai da rana tsaka ake ɗauka a wani kango a Unguwar Boro. An sassaƙa wuƙar katako an naɗe ta da takardar sigari, da aka duba a talabijin kowa ya fashe da dariya. Dole sai wuƙar gaske, da hannun da ya san ta.

"Yaya Shekari, ka taimaka mana," in ji Irene. "Ni ce ta biyar da za a kashe. In ba kai ba, ba zan yarda wani ya tsaya a kaina da ƙarfe ba."

To, ina zai iya cewa a'a?

Dabarar da suka yi ba ta da laifi. Yarinya za ta kwanta, a ajiye cinyar alade a gefenta, a lulluɓe da bakin zaninta. A sunkuyar da kyamara yadda ba za a gane ba. George ya ce "ɗaga," Shekari ya ɗaga. Ya ce "sara," wuƙa ta sauka a kan cinya, ƙarar ta fito kamar gaske. Ya ce "tsaya," kowa ya tsaya. Haka aka kashe mata huɗu, ko ƙwarzane babu wadda ta samu. Da yamma a gasa cinyar a cinye.

Ranar Irene ce George ya yi baƙo, wani Mista Nicholas da ke aiki a gidan talabijin, ya zo ganin yadda yara suke yi. Shi ke nan, George ya ƙwama baƙin tabarau, ya juya hula baya, harshensa ya karye. Hausar da ya tashi da ita ta zama abin kunya. Mutum in zai yi burga, ba ya tuna wa zai taka.

Irene ta kwanta. Shekari ya sa buhu a ka, ta hudar yana ganin tana danne dariya. George ya ce, "Akshin," ya kaɗa hannu sama. Shekari bai san kalmar ba, amma ya gane hannun, ya ɗaga wuƙa ya tsaya yana jiran umarni. Sai iska ta ɗage zanin, kofaton alade ya leƙo fili. Irene ta miƙa hannun dama a hankali za ta ja zanin ta rufe. George ya ga an ɓata masa hoto a gaban baƙo, ya daka tsawa.

"Kat!"

Ku da kuka yi boko, ku gaya mini, mene ne kat? Shekara goma sha biyar matan bariki da matan ma'aikata suna tsayawa a gaban teburinsa suna nuna nama da yatsa: kat am, kat hiya, kat smol, wato dai ya yanka. Sau ɗari a wuni. Wa ya taɓa gaya masa cewa a bakin masu fim kalmar nan tana nufin tsaya? Hannunsa ya riga kansa ji.

Yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya. Irene ba ta yi ihu nan take ba, kallon hannun ta tsaya yi. Shekari ya fizge buhun, ya yage rigarsa ya ɗaure mata, ya sungume ta da gudu har bakin titi. A asibiti aka ɗinke abin da ya rage. Kyamara kuwa ashe tana ta juyawa, ba wanda ya kashe.

Kafin kwana uku George ya zagaye gari da nasa labarin: ya haɗa aiki da baƙauye wanda ba ya jin Turanci. Wannan maganar ta fi komai ci wa Shekari rai, don jin da ya yi ne ya jawo. Fasto ya tara su, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, aka yi addu'a, aka sa su gaisa. Ofis ya jira Irene wata ɗaya, sannan aka ɗauki wata. Shekari ya yi ta zuwa gidan yayarta, inda take zaune, da kaji da lemo, kullum a ce tana barci.

Ana saura mako biyu Kirsimeti aka nuna fim ɗin a wani zaure a Kakuri, ranar Lahadi bayan an tashi sujada, an toshe tagogi da barguna. A allon ƙofa George ya rubuta da alli: JININ GASKE. Shekari ya ɗauka ƙarya ce irin ta George, ya shiga ya tsaya a baya. Mata huɗu suka mutu ana shewa ana cewa zoɓo ne. Da aka zo ta biyar, zauren ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke. Samari suka hau benci suna cewa a maimaita. George ya mayar da kaset baya, ya maimaita musu har sau uku. Shekari ya fita ya yi amai a gindin katanga.

Girbi ya wuce, ba wanda ya zo daga gida. Ran nan ya ji Irene za ta koma wajen iyayenta, ya bar nama a teburi ya tafi tashar motar Kafanchan. Ya same ta a zaune a kan benci, hannun yana cikin mayafi.

"Irene, maganarmu tana nan," in ji shi. "Ba sai kin yi aikin ofis ba. Ni zan riƙe ki."

"Na sani, Yaya Shekari. Ban taɓa cewa da gangan ka yi ba. Na yafe maka tun a asibiti, Allah shaida ne."

"To, me ya rage?"

Ta juya ta dubi motar. Aka ce mota ta cika saura mutum ɗaya, ta miƙe. Jakarta tana rataye a ƙusa, a jikin ginshiƙin da ke bayanta. Shekari ya ɗaga hannu zai sauko mata da ita.

Irene ta durƙushe a ƙasa, ta cusa hannun hagu a ƙarƙashin cinyarta, idonta a rufe gam. Mutanen tasha suka juyo suna kallo. Da ta buɗe ido ta ga jakar a hannunsa, sai hawaye.

"Ka gani?" in ji ta. "Ni na yafe. Jikina ne ya ƙi."

Ya ajiye jakar a ƙasa, ya ja da baya taku uku don ta samu ta ɗauka.