Wa Zai Yanka Saniyar Coci

Ranar da aka zaɓi Atinga shugaban mazan cocinmu na Buokrom, mu da muka san halinsa sai muka kalli juna. Ba wai mugu ba ne. Mutumin kirki ne, babban makanike da ake ce wa Masta a Suame Magazine, unguwar makanikai, ba ya fashin sujada, ba ya ƙyashin aiki. Ciwonsa ɗaya ne: bai yarda akwai wanda ya iya abu kamarsa ba. Ko benci ka gyara a coci, sai ya bi bayanka ya sake gyarawa.

Cocin namu ƙarami ne, kuma duk 'yan arewa ne, Farafara da Kusasi da Dagati, kowa da yarensa, Hausa ce ke haɗa mu. Gabas da yamma maƙwabtanmu Musulmi ne. Da Sallah kwanukan nama ke shigo mana har mu rasa wurin ajiyewa. Da Kirsimeti, wanda a nan muke cewa Buronya, mu ma sai mu rama. Don su ci hankali kwance, ba ma yanka saniyar da hannunmu. Wani tsohon mahauci, Malam Gariba, shi ke yanka mana tun cocin yana rumfa. Shugaban maza kan taka har gidansa da goro a hannu, ya durƙusa ya roƙe shi. Haka muka tarar, haka muke yi.

To bana Atinga ya kwashe aikin duka ya ɗora a kansa. Shi ya sayo saniya, shi ya yi hayar kanofi, shi ya kwance janareta ya baje a ƙofar coci. Har gishirin mata sai da ya tambayi inda aka saya. Fasto Ayamga ya same shi a kan tsani ya ce, “Atinga, Musa ma sai da surukinsa ya ce masa ya raba aiki.”

“Na ji, Fasto,” in ji shi, da ƙusa a baki. Bai ji komai ba.

Da ya ga ba shi da sararin zuwa gidan Malam Gariba, sai ya ɗauki waya ya tura masa saƙon murya, ya ci gaba da harkarsa.

Safiyar Buronya ruwa ya tafasa a manyan tukwane, mata sun yanka albasa har sun gama hawaye. Saniya kuwa tana tsaye tana tuƙa abinta. Malam Gariba shiru. Atinga ya kira waya, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Rana ta fara zafi, ga kanofi a ƙasa ba a kafa ba, don ya hana kowa taɓawa. Zufa ta jiƙe masa sabuwar riga. Can sai muka ga ya zaro wuƙa daga kwandon mata.

“Yanka mana,” in ji matarsa Lariba, ta riƙe ƙugu. “Amma wallahi kai kaɗai za ka cinye shi, har ƙaho. Wane kwano zan kai gidan Hajiya Rakiatu? In ce ma Hajiya mene?”

Hajiya Rakiatu ce maƙwabciyar da katangarta ke jingine da tamu, kuma ba ta taɓa tsallake mu da naman Sallah ba. Atinga ya tsaya da wuƙa a hannu. Fasto ya matso a hankali, ya karɓe ta.

“Tafi ka ɗauko dattijon,” ya ce.

“Kanofi fa, Fasto? Janareta fa?”

“Coci na da maza. Tafi.”

Ya tafi yana waiwaye, kamar wanda ya bar jariri kusa da wuta. A hanya ya sayi goro.

Ya tarar da Malam Gariba zaune a ƙofar gida yana shan koko. Ya sa rigar aikinsa tsaf, ga wuƙaƙe a wase, a nannaɗe kusa da ƙafarsa. Ashe tun da safe a shirye yake. Atinga ya durƙusa ya miƙa goro.

“Masta, na ji saƙon ka,” in ji tsohon. “Na ji, na sake ji. Na ce ma wayan ya durƙusa, ya ƙi. Na ce ya ba ni goro, babu.” Ya ƙyalƙyale da dariya har koko ya kusa sarƙe shi. Sai kuma ya nutsu. “Goro ba shi ya dame ni ba, haƙori ma ya ƙare. Fuskan ka nake so in gani. Tsofaffin ku duka sun zauna a bencin nan. In na yarda da waya bana, baɗi ko wayan ba zan samu ba.”

Kunya ta rufe Atinga, ya rasa inda zai sa idonsa. “Baba, na yi kuskure. Ka yafe mini.”

“Ya wuce. Tashi ka ɗauki kayan nan, rana na yi.”

Da suka iso, kanofi na tsaye, janareta na ruri, 'yan kwaya na gwada waƙa. Gaskiya kanofin ya ɗan karkace ta gefen hagu. Na sani, don ni na ɗaure shi. Atinga ya tsaya yana kallon igiyar, na ga hannunsa na motsi. Sai ya mayar da hannun baya, ya ce, “Sannu da aiki.” Daɗi ya kama ni.

Malam Gariba ya yi bismilla ya yanka. Bayan sujada, nama ya nuna, aka jera kwanuka. Atinga yana ta zagaye, ba abin da ya rage masa ya yi, sai Lariba ta ɗora masa kwano mafi girma a hannu ta nuna masa gidan Hajiya.

Hajiya Rakiatu ta leƙo daga zaure, ta dubi kwanon, ta dube shi.

“Shugaba da kansa? Wa ya yanka?”

“Malam Gariba, Hajiya.”

“Kai ka je ka ɗauko shi?”

“Da ƙafata.”

Ta miƙo hannu biyu. “To kawo. Barkan ku da Buronya.”