Habbanayen Littafi

Giɓin bai fi faɗin yatsu biyu ba, amma Madam Adawiyya ta gan shi tun daga bakin ƙofa. Ta tsaya gaban kantar littattafan noma da kiwo, ta zura yatsa a wurin kamar mai taɓa gurbin haƙori.

"Hama, wa ke zaune a nan?"

Hama ya ajiye tsumman goge kanta. Mako na biyu ke nan tana koya musu aiki, shi da Kadija, sababbin ma'aikatan ɗakin karatun da magajin gari ya buɗe a Dakoro. Daga Maradi aka aiko ta. Ta koya musu manna lamba a gadon bayan littafi, da jera kanta daga hagu zuwa dama, da duba ƙafafun kanta kowace safiya saboda gara. Ta hana su lasar yatsa in za su juya shafi. Ba ta tsawa, ba ta kuma yabo. In aiki ya yi daidai, sai ta ce, "Na gaba." Ranar da za ta koma, ita ce za ta faɗa wa magajin gari wanda ya iya da wanda za a sallama.

"Littafin cututtukan dabbobi ne, Madam. Na Hausa, mai hotuna."

"Ina katinsa?"

"Ba a yi masa kati ba. Kafin ki zo ne."

"Wa ya ɗauka?"

"Baffa Alhusaini. Makiyayi ne, wajen Korahane."

"Yaushe zai maido?"

Kadija, wadda ke manna lambobi a tebur, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Faɗa mata abin da ka ce masa mana, Malam Hama."

"Na ce masa sai ya haihu."

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ce ya yi mata bayani.

Bayanin ya girmi ɗakin karatun. Shekarar da fari ya share garken mahaifinsa Haruna, Hama yana ƙarami, Alhusaini ne ya jawo karsana da igiya har ƙofar gidansu. Habbanaye ke nan, aron makiyaya: ka riƙe saniya, ka sha nono, 'ya'yan da ta haifa naka ne, sannan ka mayar da uwar in ta cika haihuwar da aka yi alkawari. Ba a sa mata rana. Mai saniya ba ya zuwa ya ce a ba shi abinsa. Da nonon karsanar nan Hama ya yi ƙashi, kuma daga zuriyarta aka fitar da bijimin da ya kai shi lakwal, makarantar boko, a Maradi. To, wannan mutumin ne ya shigo ranar kasuwa, ya tsaya a kan hoton saniya mai ciwon huhu, ya ce ɗansa Yazidu ya yi karatun manya, ko za a ba shi aro. Da ya tambayi ranar maidowa, harshen Hama ya ƙi sa masa rana.

Madam ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Saniyar ta Alhusaini ce. Littafin nan kuwa ba naka ba ne, na duk mutumin da zai shigo ƙofar nan ne. Guda ɗaya gare mu. Kafin in koma Maradi ina son in gan shi a kan teburin nan. In ba haka ba, ban san abin da zan faɗa a kanka ba."

Washegari da sassafe Hama ya ari babur ya kama hanyar Korahane. Duk tsawon rairayin yana jera maganar a ransa, yana rushewa. Aikin nan shi ne na farko da ya samu tun da ya dawo gida da takardarsa, kuma tsohuwarsa ta riga ta gaya wa duk dangi.

Ya tarar da Alhusaini a gindin aduwa yana murza igiya. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare aka sake sabuwa. Kafin Hama ya sami bakin magana, tsohon ya kira surukarsa Safi, matar Yazidu, ya ce ta kawo amanar ɗan Haruna.

Daga cikin jakar fata ta fito da shi. An ɗinka masa riga ta fatar akuya. Yana warin hayaƙi da man shanu.

"Ya haihu ɗaya," in ji Alhusaini. "Yazidu ya kai ƙarshensa. Ga Safi nan tana tsakiya, da yatsa take bi, shi yana gyara mata. Ita ce ta gane abin da ke damun tumakinmu, muka kai su wurin likitan dabbobi tun ba su kwanta ba. In ta gama, akwai ƙanenta." Ya shafa fatar. "Ubanka mutum ne. Ka biyo shi. Me ya kawo ka da rana haka?"

"Gaisuwa ce, Baffa."

Ya dawo Dakoro hannu wofi. Bai nemi wata dabara ba. Ya tsaya gaban teburin Madam ya faɗa mata yadda aka yi, har da furar da ya sha.

"Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski," in ji Kadija a hankali. Wannan karon ba zolaya a muryarta.

Madam ta daɗe tana juya hatimin kwanan wata a hannunta, wani tsohon hatimi mai marikin itace wanda ta zo da shi cikin jakarta.

"A habbanayen naku," ta ce, "mai saniya ba ya ƙara ganin saniyarsa sai ranar da aka maido?"

"Yana gani, Madam. Babana yakan kora ta rijiya in Baffa ya sauko da garke, ya duba lafiyarta."

"Wannan ba abin kunya ba ne?"

"A'a. Girmamawa ce."

"To, zauna. Darasin gobe ne, amma za mu yi shi yau."

Ta nuna musu sabunta aro. Mai karatu bai gama ba, sai ya kawo littafin, a duba shi, a buga sabuwar rana, ya koma da shi. In wani ya sa suna yana jira, to, sai haƙuri, littafi ya kwana a kanta. Ta sa su suka yi ta gwadawa a kan tsohuwar takarda har tawada ta ɓata musu yatsu.

"Ka aika masa," ta ce. "Ka ce mai garken tana son ganin lafiyar abinta."

Ranar kasuwa Alhusaini ya zo, da rawaninsa da sandarsa, jakar fata a rataye. Ya tuɓe takalma a bakin ƙofa duk da Kadija ta ce ba sai ya tuɓe ba. Ya ɗora littafin a tebur da hannu biyu.

Madam ta duba shi yadda dillali ke duba bijimi a kasuwar shanu. Ta taɓa ɗinkin, ta buɗe tsakiya, ta ɗaga wani shafi mai tabo sama.

"Malam, wannan shayi ne?"

"Shayi ne, Hajiya. Yazidu ne. Na yi masa faɗa."

"A ƙara masa. Rigar kuwa ta yi kyau. Wa ya ɗinka?"

"Safi."

Ta rubuta kati da sunansa. Hama ya saki numfashi, yana zaton an gama. Sai ta turo masa hatimin.

"Kai za ka buga. Kuma kai za ka faɗa masa ranar, da bakinka."

Hama ya juya lambobin hatimin. Ya buga. Tambarin ya fito a ɗan karkace. Ya ɗago ya dubi mutumin da nonon saniyarsa ya raine shi.

"Baffa, kasuwa ta uku daga yau, a kawo shi mu gani. In ba mai jira, ku koma da shi. In akwai mai jira, littafin zai zauna nan sai mai jiran ya gama."

Daga waje ana jin kukan awaki da ake kaiwa kasuwa.

"Rana ka sa mini, ɗan Haruna?"

"Rana na sa, Baffa."

Tsohon ya dubi tambarin. Sannan ya mayar da littafin cikin jaka, ya ɗaure bakin.

"Ashe kana da baki. Na ɗauka fura kaɗai ka iya sha." Ya juya ga Madam. "Ranar nan ya zo da magana a cikinsa, ya koma da ita. Na gani. Na ce bari in ga wanda zai fitar masa da ita. Allah ya saka miki." A bakin ƙofa, yana sa takalma, ya ƙara da cewa, "In mai jiran makiyayi ne, ku turo shi wurin Yazidu. Ya san inda hotunan suke."

"Na gaba," in ji Madam.

Da ranar tafiyarta ta zo, ta shiga ofishin magajin gari, ba ta jima ba ta fito. Ta ce wa Kadija ta rage surutu a kan tebur, ta ce wa Hama ya riƙa buga hatimi a miƙe, kuma Litinin su buɗe da wuri. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Hama ya ɗauki jakarta zuwa tasha. A hanya ya yi ta neman kalmar godiya, duk wadda ya ɗauko sai ya ga ta yi kaɗan. Motar Maradi ta kusa cika. Ta karɓi jakar, ta buɗe, ta ciro tsohon hatimin nan ta sa masa a hannu.

"Naku bai iso ba tukuna. Riƙe wannan. Aro ne."

"Na gode, Madam. Yaushe zan maido?"

Ta hau mota, ta gyara mayafinta, ta dube shi ta taga.

"Bayan kaka zan zo in ga lafiyarsa."