Ƙofar Gidan Rasina

Shekara goma sha tara Rasina tana gidanmu a unguwar Ƙiblatain ta Madina tana jinyar mahaifiyata, Hajiya Dumbulwa. 'Yar Sri Lanka ce, amma Hausar da ta kwasa a bakin Hajiya ta fi ta 'ya'yana, waɗanda in ka ce musu "zo" sai su ce "tayyib" da Larabci. Ranar da ta ce min ba za ta sabunta iƙamarta ba, wato takardar izinin zama, gida za ta koma, hankalina ya tashi. Hajiya ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ita.

"Jafna zan je," in ji ta. "Ina so in ga gidanmu, in zauna a ciki ko da babu rufi."

Labarin na sani sama-sama. 'Yan tawayen Tamil da ake kira Damisa sun yi ta yaƙin ware ƙasarsu, kuma a 1990 suka ba Musulmin Jafna awa biyu su fice, alhali yarensu ɗaya. Lokacin Rasina tana 'yar sha huɗu, ta girma a sansanin 'yan gudun hijira a Puttalam. An gama yaƙin a 2009, ba ta taɓa komawa garin ba.

Ni da wayona sai na ce kewar yare ce ke damunta. Mu nan Madina, Bakano da ɗan Damagaram da ɗan Sudan, in dai an ji Hausa a bakinka an gama, faranti ɗaya za a ci. Yayana Ashafa yana da mai aiki a Yanbu, Selbi, ita ma Tamil take yi. Na kwashi Rasina da Hajiya muka tafi ranar Juma'a. Na zuba wa Rasina da Selbi shinkafa a faranti guda, na tura su kicin, ina jin kaina kamar na haɗa aure.

Da farko har dariya na jiyo. Can sai dariyar ta ɗauke. Da na leƙa, Selbi ce kaɗai ke magana, tana kuka, shinkafar tana nan yadda na zuba ta.

Sai da muka wuce Bi'ir Ali, daf da Madina, a hanyar dawowa Rasina ta buɗe baki.

"Ta tambaye ni layinmu a Jafna, na faɗa mata. Ta ce ƙofa shuɗiya mai bishiyar mangwaro?"

"Ashe maƙwabta ne ku," na ce, da yake bakina ya fi hankalina sauri.

"A ciki suka zauna, Khalida. Sojojin gwamnati sun ƙone ƙauyensu, Damisa suka ba su gidanmu. Daga baya suka zo suka ce kowane gida ya ba da ɗa ɗaya. A ƙofar tamu suka ɗauki ƙanenta, bai dawo ba."

Hajiya ta miƙo hannu ta riƙe na Rasina.

"Na so in tsane ta, ban iya ba," in ji Rasina. "Ta ce bam ya faɗa kan gidan bayan shekara biyar. Ta koma bara ta duba. Ba ƙofa, ba mangwaro, wani ya gina shagon taya a wurin."

Washegari Rasina ta same ni a kicin, ta ajiye min fasfonta kusa da butar shayi.

"Ki sabunta iƙamar, khalas, shi ke nan."

Na ce ta ƙara tunani. Na faɗa da gaske, kuma na ji kunyar daɗin da ya ɗarsu a zuciyata. Ta girgiza kai, ta ɗauki tawul da bahon ruwan ɗumi.

Shekara talatin da ɗoriya gidan nan na Jafna yana tsaye a zuciyarta, ni na kai ta inda aka rushe shi. Ina jin ta a ɗakin Hajiya tana cewa, "Ɗaga hannu, Hajiya, ina nan, ba inda za ni."